Sabar ta rufe min ƙofa bayan na saka kaina a guruf ɗin docker, dan Allah a taimaka

Sabon_Hannu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah wanda ya san Linux sosai ya duba min wannan matsalar, hankalina a tashe yake. Akwai wata sabar Ubuntu 22.04 da aka ba ni kulawa da ita, ta haya ce a intanet ba wadda nake gani da ido ba, kuma shafin mutane na gudana a kanta yanzu haka. Tun safe nake ƙoƙarin shiga ta SSH, wato hanyar shiga sabar daga nesa, tana ta ce min Permission denied, alhali makullin da nake shiga da shi kullum ne ban canja komai ba, na gwada ya fi sau goma har daga wata kwamfutar daban. Shafin yana aiki lafiya lau, ni ne kawai na kasa shiga. Kodai an yi min kutse ne an cire makullina?

Mai_Gaggawa:
Wa alaikumus salam. Ka shiga shafin kamfanin da ka yi haya ka canja kalmar sirri kawai, yawanci shi ne maganin

Dattijon_Sabar:
Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ƙanina kwantar da hankalinka tukuna, kar ka canja komai kuma ka daina gwada shiga haka barkatai. Tambaya ɗaya zan yi maka, mene ne abu na ƙarshe da ka yi a kan sabar ɗin jiya kafin ka fita? Ka tuna da kyau, ko da ƙaramin abu ne.

Sabon_Hannu:
Yaya Docker kawai na girka, manhajar nan da ke gudanar da wasu manhajoji a keɓe cikin abin da ake kira kontena. Bayan nan na gaji da rubuta sudo, umarnin yin aiki da ikon admin, duk lokacin da zan kunna kontena sai na saka kaina a guruf ɗin docker, na ci gaba da aiki har dare lafiya ba wata matsala, sudo ma na yi amfani da shi bayan nan ya yi aiki

Dattijon_Sabar:
Da wane umarni ka saka kanka? Rubuto shi yadda ka rubuta, harafi bayan harafi.

Sabon_Hannu:
sudo usermod -G docker sunana
haka na rubuta in ban manta ba

Yar_Kod:
To ga ta nan. Ba kutse ba ne Malam, harafi ɗaya ka bari. Ya kamata ya zama -aG ne ba -G ba. Wannan ƙaramin a ɗin shi ke cewa a ƙara maka guruf a kan waɗanda kake ciki, in babu shi usermod share duk sauran guruf-guruf ɗinka yake yi ya bar ka da wanda ka ambata kawai. Yanzu ba ka cikin sudo, ba ka cikin adm, docker kaɗai ya rage maka da guruf ɗinka na asali.

Sabon_Hannu:
Innalillahi. Amma Anti ai na ce miki sudo ya yi aiki bayan na yi hakan, in da an cire ni ai da tun a lokacin zai ƙi ko?

Yar_Kod:
A'a, abin da ke ruɗar mutane ke nan. Lokacin da ka shiga ne ake ɗaura maka jerin guruf-guruf ɗinka, kuma duk abin da ka kunna a wannan zaman da su yake tafiya har sai ka fita. An canja a /etc/group amma zaman da kake ciki bai sani ba. Shi ya sa ka yi aiki har dare lafiya, da ka fita ka dawo da safe sai aka karanta sabon jerin. Da ace akwai tagar SSH ta jiya da ba ka rufe ba da a nan za ka gyara cikin minti ɗaya. Duba ko akwai, ko a wata kwamfutar

Sabon_Hannu:
Babu wallahi, na kashe komai jiya

Mai_Gaggawa:
Amma ni abin da ban gane ba, cire mutum daga sudo ai ba ya hana shi shiga SSH. Zai shiga ne kawai ya kasa yin aikin admin. Ina ga akwai wata matsalar daban

Dattijon_Sabar:
Gaskiyarka, shi kaɗai ba ya hanawa. Amma in wanda ya tsara sabar ɗin tun farko ya saka layin AllowGroups a /etc/ssh/sshd_config to duk wanda ba ya cikin guruf ɗin da aka ambata a wajen ba zai shiga ba, komai kyawun makullinsa. Kuma saƙon da za ka gani daga waje iri ɗaya ne da na wanda makullinsa ya lalace, da gangan aka yi hakan don kar ɗan kutse ya gane dalili. Ainihin dalilin sai a cikin /var/log/auth.log za ka gan shi, a nan zai rubuta cewa babu ko ɗaya daga guruf ɗin mutumin da ke cikin AllowGroups. Sabon_Hannu, kai ka tsara sabar ɗin ko gadonta ka yi?

Sabon_Hannu:
Gadonta na yi Yaya, wanda ya tsara ya bar aikin. Na tuna ya taɓa ce min ya saka ni a wani guruf sshusers, ban ɗauke shi da muhimmanci ba a lokacin

Dattijon_Sabar:
To magana ta fito. Yanzu ka shiga shafin kamfanin hayar ka nemo konsol, wato tagar da ke nuna maka sikirin ɗin sabar kamar kana zaune a gabanta da kibod. Kusan duk masu ba da haya suna da shi, sunan ne kawai ke bambanta. AllowGroups dokar SSH ce kawai, ba ruwanta da konsol. Ka shiga da sunanka da kalmar sirrin da kake ba sudo. In ka shiga ka rubuta id ka turo mana abin da ya fito, kar ka yi komai bayan wannan.

Sabon_Hannu:
Alhamdulillah na shiga ta konsol!! id ya nuna guruf biyu kawai, nawa da docker. Na gwada sudo ya ce ba na cikin sudoers. auth.log ma ya ƙi buɗewa

Yar_Kod:
Zai ƙi, guruf ɗin adm ne ke ba ka damar karanta shi kuma shi ma ya tafi. Kafin ka taɓa komai yi wannan, yana da muhimmanci sosai:
grep sunanka /etc/group-
Ka lura da ƙaramin layin da ke ƙarshen sunan fayil ɗin. Duk lokacin da usermod ko makamancinsa ya canja /etc/group yana ajiye tsohon a /etc/group- kafin ya rubuta sabon. Kwafi ɗaya tak yake ajiyewa, ma'ana da zarar ka sake yin wani canjin to wancan tsohon ya tafi. Mutane da yawa gaggawa suke yi su mayar da sudo kawai, sai bayan sati su ga wani abin ya daina aiki kuma babu sauran inda za su duba su ga guruf nawa suke ciki da. Ka kwafe abin da ya fito a takarda ko ka ɗauki hotonsa

Sabon_Hannu:
Ya fito: adm, cdrom, sudo, dip, plugdev, lxd, www-data, sshusers. Na ɗauki hoto. Allah ya saka da alheri Anti, da ban san da wannan fayil ɗin ba sam

Injiniya_B:
Yanzu saura samun root, wato babban akawun mai cikakken iko a kan sabar. Hanyar da aka sani ita ce ka sake kunna sabar ɗin, tana tashi ka danna Esc ko ka riƙe Shift menu ɗin GRUB ya fito, ka shiga Advanced options ka zaɓi recovery mode sannan root. A Ubuntu akawun ɗin root a kulle yake tun asali ba shi da kalmar sirri, saboda haka kai tsaye zai ba ka. Sai ka yi mount -o remount,rw / don diski ya karɓi rubutu, sannan usermod -aG da jerin nan naka. In menu ɗin ya ƙi fitowa saboda konsol ɗin yana da nauyi, yawancin kamfanoni suna da tsarin ceto da za ka tayar da sabar daga wani ƙaramin Linux nasu, ka haɗa diskinka, ka yi chroot ka gyara

Sabon_Hannu:
Injiniya matsalar ita ce mutane suna kan shafin yanzu, in na kashe ta sai na yi bayani, kuma tsorona kar in kashe ta ƙi tashi don tun da na karɓe ta ban taɓa sake kunna ta ba

Yar_Kod:
Ba sai ka kashe ba. Kuskuren da ka yi shi ya bar maka ƙofa, kana cikin guruf ɗin docker ai. Rubuta:
docker run --rm -it -v /:/host alpine chroot /host /bin/bash
Wannan zai kunna ƙaramar kontena ya ɗora mata dukkan diskin sabar ɗin, ya shigar da kai ciki a matsayin root. Daga nan:
usermod -aG adm,cdrom,sudo,dip,plugdev,lxd,www-data,sshusers sunanka
babu tazara bayan waƙafi, kuma ka duba harafin a na -aG ɗin nan sau biyu kafin ka danna. Sai exit. In ta snap ka girka Docker zai iya ƙi saboda an taƙaita masa inda zai taɓa, amma in ta apt ne zai yi

Injiniya_B:
Hajiya ni gaskiya ban so a riƙa koya wa sababbi wannan hanyar. Wannan ai dabarar da masu kutse ke amfani da ita ce don ɗaga kansu zuwa root. Yau shi a sabar da aka ba shi amana zai yi, gobe wani da ya karanta nan zai je ya yi a sabar wajen aikinsu inda da gangan aka hana shi sudo

Yar_Kod:
Na fahimce ka Injiniya amma ban yarda ba. Ba sirri ba ne, takardun Docker da kansu sun rubuta ƙarara cewa guruf ɗin docker daidai yake da ba mutum ikon root. Wanda bai san haka ba shi ne ke cikin haɗari, shi ne zai saka ma'aikata biyar a guruf ɗin yana ganin ai kontena kawai ya ba su. Gara ya gani da idonsa yau ya san nauyin abin da ya ɗauka. Kuma wannan sabar shi ke da alhakinta, ikonsa ne da aka ba shi yake dawowa da shi

Injiniya_B:
Ban musa ba, amma akwai wani abin. In ya bi ta sudo ko ta recovery akwai alamar da za ta nuna an yi wani abu, ta nan kuwa babu abin da zai nuna wa mai duba kundin sudo cewa wane ya zama root. A wajen da ake bin diddigi wannan matsala ce babba

Dattijon_Sabar:
Ku biyun duk kuna da gaskiya, kuma maganin abin da Injiniya ya faɗa mai sauƙi ne. Ƙanina in ka gama ka rubuta wa wanda ya ba ka aikin abin da ya faru, ƙarfe nawa, da umarnin da ka yi amfani da su. Kar ka ɓoye. Ni a wannan halin hanyar Hajiya zan bi, saboda sake kunna sabar da ba ka taɓa ganin tashinta ba, kana kuma a kulle a waje, haɗarinsa ya fi yawa. In akwai layi ɗaya mara kyau a /etc/fstab za ta tsaya a hanya ka tashi daga matsala ɗaya ka faɗa biyu.

Sabon_Hannu:
Na yi, bai nuna wani kuskure ba. Amma na fito na gwada sudo har yanzu yana cewa ba na ciki 😢

Yar_Kod:
Dalilin ɗazu ne ya juyo ta ɗaya gefen, zaman da kake ciki yana riƙe da tsohon jeri. Rubuta id kawai za ka ga biyu, rubuta id sunanka za ka ga duka, don na biyun daga fayil yake karantowa. In ka ga duka a na biyun to ka fita daga konsol ka sake shiga

Sabon_Hannu:
Ya yi!!! sudo ya dawo, na buɗe auth.log ga layin da Yaya ya faɗa nan birjik tun safe. Amma SSH daga kwamfutata yanzu wani saƙon daban yake ba ni, Connection refused

Dattijon_Sabar:
Abin da ya sa na ce ka daina gwadawa ke nan tun farko. Ina kyautata zaton akwai fail2ban a kai, manhajar da ke toshe wanda ya yawaita gwajin shiga, kuma ya toshe adireshinka saboda yawan gwaji. Yadda yake zuwa, gwaji 5 cikin minti 10 ya isa ya toshe ka na minti 10, amma mutane da yawa suna tsawaita shi zuwa awanni. Duba da sudo fail2ban-client status sshd, in ka ga adireshinka sai
sudo fail2ban-client set sshd unbanip adireshinka

Sabon_Hannu:
Shi ne kuwa, adireshi biyu ma, har da na ɗaya kwamfutar. Na cire na shiga ta SSH lafiya. Wallahi ban san yadda zan gode muku ba, Allah ya ƙara ilimi ya saka da alheri

Mai_Windows:
Amin. Na biyo ku tun daga sama ban sa baki ba don ba fagena ba ne, amma ku sani irin wannan na faruwa a Windows kuma can ya fi muni saboda ba kwamfuta ɗaya yake kamawa ba. Akwai wani tsari a Group Policy, wato inda ake rubuta dokokin da kwamfutocin ma'aikata ke bi, mai suna Restricted Groups, yana da gida biyu. Ɗaya cewa yake ga mambobin wannan guruf, ɗayan kuma cewa yake wannan guruf memba ne na wancan. Na farkon daidai yake da -G ɗin nan naku, duk wanda ba ka lissafa ba fitar da shi zai yi, na biyun shi ne mai ƙarawa. Na taɓa ganin an yi amfani da na farkon don a ƙara masu gyaran kwamfuta a Administrators na kowace na'ura, aka manta ba a lissafa Domain Admins ba. Kuma da yake kwamfutoci duk minti 90 suke ɗauko sabuwar doka, da ɗan ƙarin da bai wuce minti 30 ba, ba lokaci ɗaya abin ya bayyana ba, ɗaya bayan ɗaya aka riƙa kasa shiga ta Remote Desktop har aka ɗauka matsalar netwok ce

Mai_Gaggawa:
To ya aka yi aka fita?

Mai_Windows:
Sa'ar da aka yi ita ce dokar ba ta shafi domain controller ba, wato babbar sabar da ke riƙe da akawun da dokokin, aka shiga can aka gyara jerin, sannan aka jira kwamfutocin suka ɗauko gyaran, waɗanda ake sauri da su aka yi musu gpupdate /force. Abin da ya tona asirin matsalar Event Viewer ne. Lamba 4733 tana nuna an cire wani daga guruf na cikin na'ura, 4625 kuma shiga ce da ta gaza, in ka ga 0xC000015B a cikinta to ba kalmar sirri ba ce, ma'anarta ba a ba wannan akawun izinin irin wannan shigar ba. Wani abin da ke kama mutane kuma shi ne dokokin Deny log on, hani yana rinjayar izini koyaushe, ko kana Administrators in kana cikin wani guruf da aka saka a jerin hani ba za ka shiga ba, kuma sau da yawa ba kai tsaye kake ciki ba, guruf ne a cikin guruf a cikin guruf. whoami /groups zai nuna maka gaskiyar abin da kake ɗauke da shi. Can ma sai ka fita ka sake shiga kafin sabon guruf ya hau

Injiniya_B:
Har guruf ɗin Protected Users ma, wanda ya zo da Windows Server 2012 R2. Mutum zai karanta cewa yana ƙara tsaro ya kwashe admin duka ya zuba a ciki, alhali membobinsa ba sa iya amfani da NTLM, tsohuwar hanyar tantance mai shiga, sai ya zo shiga sabar da lambar IP maimakon sunanta ta ƙi shi. Ni shi ya sa ra'ayina a kowane tsari a samu akawun ɗin gaggawa da ba ya cikin kowace irin doka ta guruf. Microsoft ma a Entra, tsarinsu na kula da akawun a intanet, shawarar da suke bayarwa ita ce a ajiye aƙalla biyu saboda dokar Conditional Access ɗaya mara kyau za ta iya rufe kowa har mai rubuta ta. A Linux kuma ni ina saka wa root kalmar sirri mai tsawo in ajiye ta a wuri mai aminci, in bar PermitRootLogin no a SSH, ta konsol kawai za a iya amfani da ita

Yar_Kod:
Nan ma sai na ɗan saɓa maka. In ka saka wa root kalmar sirri a Ubuntu to recovery mode zai fara tambayarka ita, ranar da ka neme ta ka rasa ka rufe wa kanka wannan ƙofar ma. Kuma kalmar sirrin da ba a amfani da ita shekara biyu, ga ma'aikata suna shigowa suna fita, wa ya san hannun da ta shiga. Ni na fi son akawun na biyu mai sunansa daban, yana cikin sudo, yana da nasa makullin, kuma a rubuta shi da sunansa a wani fayil a /etc/sudoers.d ta hanyar visudo don ko guruf ya lalace shi bai dogara da guruf ba

Injiniya_B:
Amma in diski ya samu matsala sabar ta faɗa emergency mode fa? A nan akawun ɗinki na biyu ba zai yi amfani ba, root ake nema

Yar_Kod:
Wannan gaskiya ne a wasu Linux ɗin, a nan sai tsarin ceto ko filashi. Ya danganta da ko kana iya kaiwa ga na'urar cikin sauƙi. In sabar tana nesa kuma babu tsarin ceto mai kyau to na yarda da kai

Dattijon_Sabar:
Kowanne mutum ya zaɓa, abin da na fi damuwa da shi shi ne a gwada shi. Na sha ganin akawun ɗin gaggawa da aka buɗe aka ajiye, ranar buƙata aka tarar shi ma AllowGroups ta hana shi don ba a taɓa gwada shiga da shi ba. Sabon_Hannu, abin da nake yi ni kullum in zan taɓa guruf ko sudoers ko sshd_config, taga biyu nake buɗewa, ɗaya in yi sudo -i in bar ta a matsayin root ban taɓa ta, in yi canjin a ɗayar, sannan in buɗe ta uku sabuwa fil in gwada shiga da sudo. Sai ta ukun ta yi nake rufe ta farkon. In sshd_config na taɓa sai na yi sshd -t kafin in sake loda shi. Kuma don ƙara mutum a guruf na daina amfani da usermod gaba ɗaya, gpasswd -a sunanka docker nake yi, ko adduser sunanka docker a Debian da Ubuntu, su ba su da hanyar share maka sauran ko ka yi mantuwa.

Sabon_Hannu:
Na rubuta duka Yaya. Yanzu na buɗe akawun na biyu na saka shi a sudo da sshusers, na gwada shiga da shi daga sabuwar taga ya yi, sudo ma ya yi. Na kuma tura wa oga bayanin abin da ya faru kamar yadda ka ce. Tambayata ta ƙarshe, tunda guruf ɗin docker daidai yake da root, in cire kaina ne in koma rubuta sudo?

Injiniya_B:
Ni dai cirewa zan ce, musamman da yake duk wanda ya sace makullinka na SSH zai zama root ba tare da sanin kalmar sirrinka ba. Lxd ɗin da ke jerinka ma haka yake, in ba ka amfani da shi fita daga ciki. Da gpasswd -d sunanka docker za ka cire, guruf ɗaya kawai yake taɓawa

Yar_Kod:
Na goyi bayan Injiniya a wannan. In rubuta sudo ne ke gajiyar da kai ka duba yadda ake girka Docker ba tare da root ba, akwai shi a takardunsu, amma ka fara gwadawa a wata sabar ta gwaji tukuna ba wannan da mutane ke kai ba. Kuma getent group docker ka duba ko akwai wasu a ciki da ba ka san da su ba

Sabon_Hannu:
Na duba Anti, ni kaɗai ne a docker. Amma a sudo da sshusers na ga sunan wanda ya bar aikin har yanzu yana nan. Bari in tambayi oga kafin in cire shi, kuma wannan karon da taga biyu a buɗe zan yi